Muhawara: a gem ɗin binciken kisa na ƙasar Sin, hujja ce ke kama mai laifi ko fatalwa?

Abba Kurna:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Akwai wanda ya buga Murders on the Yangtze River a nan? Na OMEGAMES Studio, wanda ya fito a Steam, kasuwar sayar da gem ta intanet, a watan Janairun 2024. Irinsa nake nema, amma bari in faɗi ra'ayina tukuna ko da za a yi min ca: a duk gem ɗin bincike da na taɓa bugawa babu wanda ya kamo ƙafarsa. Kai ne Shen, saurayin da ya dawo gida daga Turai a ƙarshen daular Qing, farkon shekarun 1900, kana bin kogin Yangtze gari-gari, inda duk ka sauka akwai gawa tana jiranka. Ka duba gawar, ka tsinci abin da aka yar, ka titsiye shaidu, da mutum ya yi tuntuɓen harshe ka zaro hujja ka manna masa. Ba harbi, ba tsere, ƙwaƙwalwa ce zalla. Wanda ya san wani mai irin wannan yanayi ya taimaka da suna.

Shamsu Zango:
Wa alaikumus salam. Abba, an dai canja wa tuwo suna. Wannan titsiye shaida da manna masa hujja ai Ace Attorney ne na Capcom, Japanawa suna yi tun 2001. Abin da waɗannan suka ƙara kawai doguwar riga da kitson nan guda na maza da fitilun takarda. Cire su ka gani ko wani abu zai ragu.

Abba Kurna:
Ka buga shi kuwa, ko tallansa ka kalla?

Shamsu Zango:
Babi biyu na yi. Ban ce ba shi da daɗi ba fa, cewa na yi ba sabo ba ne.

Zulai M.:
Abba, nemi Firework na Shiying Studio, 2021. Ɗan sanda ne sabon ɗauka, sunansa Lin Lixun, gobara ta tashi a wajen jana'iza a wani ƙauye cikin duwatsu, dalilinta aka sake buɗe fayil ɗin mutuwar wasu 'yan gida ɗaya da aka riga aka rufe. Gajere ne, a yini guda za ka iya gamawa. Ba abin da ke faɗo maka daga bayan ƙofa don ka firgita, amma ni dai da rana na ƙarasa shi. Mutum-mutumin takarda da ake ƙonawa saboda mamaci, farin ƙyalle na makoki, tsohon talabijin mai shuuu. In ka gama akwai Sanfu, na mutanen dai, 2023, shi kuma kan 'yan damfarar da suka cika ƙasar a shekarun 1990 suna cewa suna da baiwar warkarwa da gani har hanji.

Barista Nura:
Hajiya Zulai, da girmanki, amma Firework ba gem ɗin bincike ba ne. Labari ne mai kyau, na yarda, ƙarshensa ya taɓa ni. Sai dai jami'in da matattu ke nuna wa abin da ya faru ba bincike yake yi ba, kallo yake yi. Ƙa'idar wannan fanni ɗaya ce: duk abin da mai binciken ya gani ni ma in gani, in na fi shi kaifin basira in riga shi gano mai laifi. Da zarar fatalwa ta shigo da shaida an cuce ni. Wace kotu ce za ta karɓi "a mafarki na gani"?

Zulai M.:
Kotun da kake zuwa ba za ta karɓa ba, Barista. Amma mutanen ƙauyen nan sun karɓa, kuma abin da ya hallaka su ke nan. In ka lura, camfin nasu shi ne ainihin abin da ake tuhuma a labarin. Ba zan ƙara ba kar in fasa ƙwai.

Admin Sagir:
Yauwa. Tunatarwa: wanda ya faɗi sunan mai kisa a kowane gem zai yi kwana uku a waje. Ba sani ba sabo.

Malam Sadisu:
Sannunku da hira. Na ga muhawarar ta rabu biyu, Shamsu na cewa riga ce kawai, Barista na cewa fatalwa cuta ce. Ku ba ni wuri in yi ɗan tsawo, kun san halin malamin tarihi.

Sinawa suna da nasu labaran shari'a tun kafin a san ɗan sandan ciki a Turai, suna kiran su gong'an. Jarumin ba ɗan sanda ba ne, hakimin gunduma ne, kuma shi ne alƙali, shi ne mai bincike, shi ne mai gabatar da ƙara, shi ke karɓar haraji. Fitattu biyu mutanen gaske ne: Bao Zheng na daular Song, wanda ya rayu daga 999 zuwa 1062 kuma ya riƙe birnin Kaifeng, da Di Renjie na daular Tang, 630 zuwa 700, wanda ya kai muƙamin waziri a hannun Wu Zetian, mace ɗaya tilo da ta hau gadon sarautar Sin da sunanta. A waɗancan labaran sau da yawa tun a farko ake gaya maka wanda ya yi kisan, daɗin yana wajen ganin yadda alƙali zai yi masa tarko. Fatalwa tana kawo ƙara, alƙali yana kwana a ɗakin bauta ya yi mafarki. To Barista, abin da ka kira cuta su gadonsu ne.

Amma kai ma kana da abokin ra'ayi. Robert van Gulik, jami'in diflomasiyyar Holan, ya fassara wani tsohon littafin Di Renjie zuwa Turanci a 1949, daga baya ya zauna ya rubuta nasa. Shi ne ya rage fatalwowin, ya ɓoye mai laifi sai ƙarshe, don ya dace da masu karatu irinka. Yawancin Di Renjie da ake gani yau a gem da talabijin jikan wancan gyaran ne.

Shamsu kuma, ga abin da rigar ke ɓoyewa. A daulolin baya doka ta hana a tura mutum hakimci lardinsu na haihuwa, kuma bayan 'yan shekaru a ɗauke shi. Saboda haka kullum baƙo ne, wani lokaci ko harshen garin ba ya ji sosai. Akawuna da dogaran ofishinsa kuwa 'yan gari ne, sun san kowa, sun ci na kowa. Mai binciken da ba zai iya yarda da masinjansa ba, wannan ba daga Japan aka aro shi ba.

Shamsu Zango:
Allah ya gafarta Malam, na ji. Amma wannan a littafi ne. A cikin gem ɗin fa? Ni ma'aunina shi ne: in aka ɗauke labarin aka kai shi Landan, hujjojin za su ci gaba da aiki? In za su yi, to riga ce.

Malam Sadisu:
Ma'auninka mai kyau ne, ban ƙi shi ba. Da yawansu za su faɗi wannan jarrabawar.

Abba Kurna:
Malam, akwai gem ɗin shi Di Renjie ɗin?

Malam Sadisu:
Akwai. Detective Di: The Silk Rose Murders, na Nupixo Games, 2019. Zanen irin na da ne mai ƙwayoyi-ƙwayoyi, ka danna nan ka danna can. Yana farawa a garin Penglai da kisan jakadan Koriya, sannan a koma birnin Chang'an inda wani ke bin mata yana kashewa. Yana da allo da kake tara abin da ka gano har ya haɗu ya zama hukunci, Barista zai so shi. Ƙorafina biyu ne a matsayin mai koyar da tarihi. Penglai daga labaran van Gulik aka ɗauko, ba daga tarihin mutumin ba. Sannan Wu Zetian a Luoyang ta kafa fadarta lokacin da ta hau mulki a 690, ba a Chang'an ba. Ba su hana gem ɗin daɗi ba.

Ummi Lab:
Ni abin da ya riƙe ni a na Yangtze duba gawa ne, wataƙila don aikina ne. Kuma a nan Shamsu bai yi musu adalci ba. A 1247 wani alƙali mai suna Song Ci ya rubuta littafi sukutum kan yadda ake binciken gawa, ana lissafa shi cikin mafi daɗewa a duniya a wannan fanni. A ciki ne labarin laujen nan yake. An sassare mutum, alƙali ya sa duk manoman unguwar suka jera laujensu a rana, ƙudaje suka taru a kan guda ɗaya duk da an wanke shi tas. Mai shi ya amsa. Akwai kuma dabarar riƙe jar laima mai mai tsakanin rana da ƙashin mamaci don tsohon rauni ya bayyana. Da batun gawar da aka ciro daga gobara: in da ransa wuta ta ci shi za a ga toka da baƙin hayaƙi a baki da hanci don yana numfashi, in kuwa kashe shi aka yi kafin a cinna wutar, za a tarar da wajen fes. Har yau likitoci suna duba hayaƙi a maƙogwaro saboda wannan dalilin.

Wanda ya fi burge ni shi ne wanda ba daidai ba. Gwajin guba da azurfa. A zura tsinken azurfa a maƙogwaron gawa, in ya yi baƙi a ce guba ce. Alhali ba gubar ce ke baƙanta azurfa ba, sinadarin farar wuta ne da ke gauraye da gubar zamanin saboda ba a tace ta sosai. Gawar da ta fara ruɓewa ma tana fitar da iskar da ke baƙanta azurfa, kai ko gwaiduwar ƙwai tana yi. Ku duba irin gem ɗin da za a gina a kan wannan: kowa a kotu ya yarda da tsinken, kai kaɗai ka san ƙarya yake yi.

Malam Sadisu:
Ummi, ai ya faru da gaske. Shari'ar Yang Naiwu, a Yuhang ta lardin Zhejiang, 1873. Wani mai aikin awara ya mutu, mai duba gawa ya ce guba ce, aka kama matarsa da wani malami da ake tsegumin suna tare. Aka gana musu azaba suka amsa. Jaridar Shen Bao ta Shanghai ta riƙe maganar ba ta saki ba, har aka kai akwatin gawar Beijing aka sake dubawa a 1877, aka ga babu guba. Jami'ai da dama sun rasa kujerunsu.

Barista Nura:
To kun zo inda nake so. Azaba. Wannan ne abin da masu gem ɗin ke sharewa ƙarƙashin tabarma. A tsarin nan da wuya a yanke hukunci sai wanda ake tuhuma ya amsa da bakinsa, kuma doka ta yarda a doke shi har ya amsa. Dokar Tang ta sa iyaka, kada ya wuce zama uku, tsakanin kowane zama kwana 20, jimillar sanda kada ta haura 200. Iyaka ce, amma ku ƙirga sanda 200 a jikin mutum. A gem kuwa sai ka ga alƙali mai fara'a yana nuna hujja, mai laifi ya dafe kai ya fashe da kuka. An wanke tarihin da sabulu.

Zulai M.:
Yanzu kuma kai ke neman a bi tarihi? Ɗazu da aka ce fatalwa gadonsu ce ka ce cuta ce. Zaɓi ɗaya, Barista.

Barista Nura:
Ba saɓani. Azaba ta faru, fatalwa ba ta faru ba.

Zulai M.:
Tsoron fatalwa ya faru. Mai kisan da ya yi imani mamaci zai dawo masa, zai aikata abin da mara imanin ba zai yi ba. Zai ƙona kuɗin takarda na bogi, irin wanda suke ƙonawa saboda mamaci, a inda ya binne gawar, zai ƙi bin wata hanya da dare. Wannan hujja ce da ido ke gani. Su alƙalan labaran ma ai suna shirya fatalwar ƙarya don mai laifi ya rikice ya yi magana.

Shamsu Zango:
Kai, wannan kam ta ci jarrabawata. Ba za ka kai tokar kuɗin takarda Landan ta yi aiki ba.

Barista Nura:
In haka aka yi amfani da ita ba ni da ja. Abin da na ƙi shi ne mamaci ya kama hannuna ya kai ni inda wuƙar take.

Malam Sadisu:
Barista, ga wani abu da zai yi maka daɗi. Shi kansa Di Renjie ya taɓa amsa laifin da bai yi ba. A 692 Lai Junchen, shugaban masu azabtarwa na Wu Zetian, ya tuhume shi da cin amanar sarauta. Doka ta ce wanda ya amsa a tambayar farko za a sassauta masa, sai ya amsa nan take. Da aka saki jiki da shi a kurkuku ya yagi ƙyalle ya rubuta kokensa, ya cusa cikin audugar rigar sanyinsa, ya ce zafi ya shigo a kai gida a cire audugar. Ɗansa ya gani ya kai wa sarauniya. Da ta tambaye shi me ya sa ya amsa, ya nuna mata cewa da bai amsa ba da tuni bulala ta kashe shi. Ya tsira da ransa, aka rage masa girma zuwa hakimin Pengze, bayan 'yan shekaru aka dawo da shi waziri. Wannan babin nake jira wani ya mayar gem.

Maman Hanif:
Ku yi haƙuri in katse ku. Yarona ɗan shekara 13 ya sauke wani Paper Bride a wayata, na leƙa na ga amarya da jan lulluɓi da akwatin gawa da kyandir. Wannan fa? Ni ban gane kansa ba, kuma hankalina bai kwanta ba.

Zulai M.:
Anti, wannan na HeartBeat Plus ne, sun yi kashi-kashi da yawa tun 2021. Ya fi karkata ga ban tsoro da warware kacici-kacici, ka buɗe akwati ka jera alamomi. An gina shi kan tsohuwar al'adar aurar da matattu da tsafin ƙauye. Ni da nawa ne ba zan bar ɗan 13 shi kaɗai da shi da dare ba.

Ustaz Bello:
Maman Hanif, tambayarki a kan hanya take. Sanin yadda wasu mutane ke binne matattunsu ilmi ne, ba shi ne yarda da shi ba. Amma yaro bai gama bambance kallo da koyi ba, kuma a irin wannan gem ɗin kai ne da hannunka kake kunna turaren kana jera kayan bautar kafin ƙofa ta buɗe. Ki zauna da shi ki ji me ya fahimta. In bincike yake so, ga wanda Malam ya ambata.

Malam Sadisu:
Shi ma akwai gawarwakin mata a ciki, Ustaz, duk da zanen ba ya nuna abin sosai. Ta fara dubawa da kanta.

Maman Hanif:
Na gode. Yau wayar a ɗakina za ta kwana.

Ɗan Auta:
Yayyena, ni matsalata ba fatalwa ba ce, kwamfutata ce. Tsohuwa ce, ga wuta sai an ga dama. Za su tashi a kanta?

Abba Kurna:
Ƙanena kwantar da hankalinka, ba irin Black Myth: Wukong mai cin na'ura ba ne. Zane ne shimfiɗaɗɗe, ba sa cin na'ura. In ka saya a Steam ya ƙi tashi, suna mayar da kuɗi matuƙar ba ka wuce awa 2 kana bugawa ba kuma ba a yi kwana 14 da saye ba. Abin da za ka shirya masa karatu ne, Turancin yana da yawa, kuma sunayen sai ka riƙe takarda da biro. Ni sai da na ba kowa laƙabi, Mai Gemu, Gajere, Matar Attajiri.

Malam Sadisu:
Tunda Shamsu ya kawo ma'auni, bari in gwada ku da shari'ar da na ƙirƙira yanzu. Ga abin da ya kamata ku sani, kuma wannan ɓangaren tarihi ne. Chang'an ta zamanin Tang an yanka ta unguwa-unguwa sama da 100, kowace da katangarta da ƙofofinta. Da faɗuwar rana a buga ganguna a rufe ƙofofi, wanda aka kama a babban titi da dare bulala 20. Kasuwa biyu ce, ta Gabas da ta Yamma, ana buɗe su da tsakar rana da bugun ganga, a tashi kafin rana ta faɗi.

To an wayi gari an sami wani attajiri a mace a ɗakinsa. Mutum uku aka kawo. Ƙaninsa ya ce yana wata unguwa wajen abokai, ganga ta riske shi, aka rufe ƙofa, dole ya kwana can. Baransa ya ce da hantsi ya je Kasuwar Yamma ya sayo wa maigida magani, ya dawo ya tarar da gawa. Wani mai bin sa bashi ya ce da tsakar dare ya taso daga unguwarsu a gabashin birni, ya ƙwanƙwasa, ba a amsa ba, ya koma gida. Wa ya yi ƙarya?

Shamsu Zango:
Mai bin bashi mana. Ta ina ya ratsa birni da tsakar dare ƙofofi a rufe?

Zulai M.:
Baran ma. Wace kasuwa ya tarar a buɗe da hantsi?

Ummi Lab:
Malam, wane dare ne? Ba ka faɗi kwanan wata ba, kuma na san da gangan ne.

Malam Sadisu:
Allah ya yi miki albarka. Daren 15 ga watan farko na kalandarsu ne.

Abba Kurna:
Bikin fitilu! Dare uku ake ɗage dokar hana fita, kowa yana titi har asuba. To mai bin bashi gaskiya ya faɗa. Ƙanin ne maƙaryaci, ba ƙofar da aka rufe masa a daren nan.

Shamsu Zango:
Malam ka yi min tarko. Ba ka sa bikin a cikin bayaninka ba, Barista ka shigar min da ƙara.

Barista Nura:
Ƙararka tana da ƙarfi, an ɓoye maka hujja. Amma ku dakata da murna. Yanzu maƙaryata biyu gare ku, ƙani da bara, kuma ƙarya ba kisa ba ce. Wataƙila baran kallon fitilu ya tafi ya kwana a waje yana tsoron a sani. Wataƙila ƙanin wajen da ya kwana ne ba ya so matarsa ta ji. Kafin a ɗauko sanda, wa ya ci gadon?

Ummi Lab:
Ni ba ruwana da gado, a kawo min gawar. Ta sandare ko da sauran laushi? Akwai rauni? Kuma kar wanda ya matso min da tsinken azurfa.

Malam Sadisu:
Gawar ta sandare tun daga muƙamuƙi har ƙafa, babu rauni, kaskon gawayi yana gefen gado, tagogi duk a liƙe da takarda. Sauran sai bayan isha'i, ina da aji yanzu.

Ummi Lab:
Tagogi a liƙe da kaskon gawayi? Malam, tambaya ɗaya kafin ka shiga ajin: fatarsa ta yi ja?